Tsakanin Dubai da Yamai Yini Guda Ne, In Ji Ɗana

Ni dai ban taɓa shiga jirgin sama ba, kuma ba zan shiga ba sai dai in a ɗaure. Amma jirgi ya shigo gidana, ya yi mini ɓarnar da fara da gara ba su taɓa yi mini ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da karatuna na lakol, wato makarantar boko, bai wuce damina biyu ba, ita ma ta biyun a kan tsamiya na cinye rabinta ina ɓuya wa malami. Ɗan bokon da na iya, a ajin tsofaffi na tsince shi da furfura a kaina. Don haka wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri, mai rubutun ma a karkace yake tafiya.

Abin da ke ƙona mini rai kalma ɗaya ce da ta cika bakin mutanen yanzu: kusa. Makka kusa, Sin kusa, Dubai kusa. Mutum zai zaro salula daga aljihu, ya shafa ta da yatsa kamar mai lallashin mage, ya nuna maka ɗigo biyu da wani siririn zare a tsakaninsu, ya karanto maka kilomita dubu kaza, jirgi awa kaza. Ya faɗi dubban nan da baki ɗaya, ko numfashi bai ja ba. Bai taka ko ɗaya daga cikinsu da ƙafarsa ba, bai san ƙishinsu ba, bai san ƙayarsu ba, bai taɓa kwana a tsakiyarsu yana jin kura ba. An ɗauke shi a kujera, an ba shi shinkafa a ɗan kwano, ya yi gyangyaɗi, ya farka a wata duniya, sai ya ɗauka nisan ne ya mutu. Nisa bai mutu ba. Yana nan kwance inda Allah ya shimfiɗa shi. Tsallake shi kawai ake yi ido a rufe, kuma ranar da ya ga dama sai ya tashi ya kama mutum.

Mu da muka tashi a ƙauyenmu, can arewa da Gidan Rumji inda rairayi ke cin ƙafar jaki, da jiki muke auna nisa. Gari yana da nisa in salkar ruwa ta ƙare kafin a hango kukokinsa. Yana da nisa ƙwarai in faso ya tsaga dugadugai kafin a kai. Cadakori tafiya ce, sai an daka maka fura. Maradi kuwa sai da guzuri da addu'a, in ka dawo a taru a ƙofar gida a ji labari. Katsina, wannan sai manya. Duniyarmu iyakarta inda kunne ke kaiwa. Da asuba luguden mata ne ke tashinmu, taɓarya uku a turmi ɗaya, kowace da muryarta, har kana kwance ka san ta gidan wa ce ta makara. Sai kukan igiyar guga a bakin icen rijiya, sai jakuna su amsa wa juna daga unguwa zuwa unguwa, sai Fulanin da ke zaune a gefen gonakinmu su kora shanu, matansu su shigo gari da ƙorai suna kiran nono da Hausarsu mai lanƙwasa. Aikina a lokacin korar tsuntsaye daga gero ne da kai wa manya fura gona, kuma Allah ya sani furar ba ta taɓa isa yadda ta bar gida ba. Ina ɗora laifin a kan rana, in ce ita ta shanye. Babana yana kallon gemun furar da ke leɓena ya ce lalle ranar bana tana da baki.

Jirgi mun san shi, amma daga ƙasa. Can ba a rasa ba ɗaya ya ratsa sama yana gurnani, kaji su watse, tsofaffi mata su rufe tukwane, mu kuma mu bi shi da gudu muna ihu har mu faɗa cikin ƙarangiya. Babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa wata rana ɗan garinmu zai zauna a cikin abin nan.

A wancan zamani, wanda zai yi tafiya mai nisa ba ya fita haka kawai. Sallama yake yi, kuma sallamar aiki ce. Gida-gida zai bi, ya durƙusa wa manya, ya nemi gafarar kowa, har wanda suka yi shekaru ba su gaisa saboda iyakar gona. Babana yakan ce wanda zai yi nisa a rabu da shi kamar ba za a sake ganinsa ba, in Allah ya dawo da shi sai a yi murna sau biyu. Kowane gida kuma da abin da zai miƙa: wannan dakuwa, wancan ƙuliƙuli, wata tsohuwa ta ƙulla garin yaji a tsumma. Ni ba na barin irin wannan zagaye ya wuce ni. Ni ne mai riƙe wa matafiyi jaka, don tsabar ladabi, kuma jakar tana isa gida da ɗan sauƙi.

Sai zancen ɗan fari. Yaran yanzu sun ɗauke shi abin dariya, amma a wurinmu doka ce da ba a rubuta ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. In zai ci abinci sai ta ce wa ƙanensa, kai wa wancan. In ya yi ciwo, kakarsa ce mai kuka a fili, ita uwar sai dai ta tsaya bayan rumbu. Maƙwabtanmu Fulani ma sun fi mu tsanani, tasu uwar ko hanya ba ta son haɗawa da shi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma duk wanda ya tashi a cikinta ya san son da ke ƙarƙashinta ya fi na sauran 'ya'yan nauyi. Amma waɗanda suka kafa wannan al'ada ba wawaye ba ne. Sun bar mata ƙofa ɗaya. Ranar da ɗan fari zai yi tafiyar da ba a san dawowarta ba, ranar uwa tana buɗe baki.

Na ga wannan ƙofa ta buɗe sau ɗaya, ina saurayi gemu bai fito ba. Wana, ɗan farin innarmu, ya ɗaura niyyar Makka a ƙasa, shi da matarsa da wasu mutanen garuruwan kusa. Bayan an gama girbi ne, an cika rumbuna. Ya gama zagayen gari, ina biye da jaka. Gidanmu ya bari na ƙarshe. Da hantsi ya zo ƙofar ɗakin Inna, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a waje, zana ce kawai tsakaninsu. Matan gida suka ajiye taɓare. Ban taɓa jin gidanmu ya yi shiru haka ba, har kukan kurciya a kan gawo ana ji. Ya ce, "Inna, zan tahi gabas. Ki yahe mini nonon da na sha, da duk abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba." Sannan muka ji ta kira sunansa. Sunan nan da kowa ke kira kullum, a kasuwa, a gona, a masallaci, amma da ya fito daga bakinta sai ya zama kamar yau aka raɗa shi. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Ta ce tun yana ciki bai taɓa wahalar da ita ba. Ta ce ya riƙa rufe ƙirjinsa da sanyin safe, don tun yana jariri nan ne rauninsa. Ƙato mai mata, ya kifa goshi a ƙasa yana kuka kamar an yaye shi. Ni kuwa dakuwar da na jefa a baki ta tsaya mini a maƙogwaro, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Bai dawo ba. Bayan shekaru wani mai dawowa ya ce ya bar su a ƙasar Sudan suna noman auduga don su sami abin ƙarasawa, daga nan ba mu sake jin komai ba. Inna ta rayu har ta tsufa tukuf, kuma ban taɓa jin ta ce da na sani ba. In an taɓo zancensa sai ta ce, "Mun wanke juna kahin ya tahi." Shi ke nan. Tafiyar ƙasa ta cinye mata ɗa, amma ba ta cinye mata wannan ba.

To, yanzu ga nawa ɗan farin. Ni tun yana yaro na karya kunyar, don ni ba a haife ni da ita da yawa ba. Ina kiran sunansa, ina zaginsa, muna cin tuwo kwano ɗaya, dattawa suna cewa na lalace. Amma tsohuwata, mahaifiyarsa, ta riƙe tata gam. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiransa ba sai "yaron ga". Ya girma ya shiga kasuwanci, daga Maradi zuwa Kano, daga Kano zuwa Kwatano, har Allah ya buɗa masa ya fara zuwa Dubai saro kaya. Daga baya ya ce zai koma can da zama, ya riƙa yi wa 'yan kasuwarmu jagora yana tura musu kaya. Ya zo ƙauye ya gaya mana. Ranar da zai tafi, da safe, mota tana ƙofar gida ko kashe ta ba a yi ba, ya leƙa tsakar gida ya ɗaga murya ya ce, "To Inna, sai na dawo!" Tana cikin ɗaki. Ya juya.

Na riƙo hannun rigarsa a zaure. Na ce, "Kai, haka ake tahiya? Koma ka durƙusa a ƙofar ɗakin uwarka."

Ya yi dariya, irin dariyar da ake yi wa tsoho in ya tambayi ko akwai mutum a cikin rediyo. Ya ce, "Haba Baba, wanga ai ba tahiya ba ce irin ta da." Ya zaro salula ya nuna mini ɗigon nan biyu da zarensu. "Ga Dubai, ga Yamai. In na yi sallar asuba can, ko da an canja jirgi a hanya, la'asar a Yamai zan yi ta. Yini guda ne. Wanda ya tahi Cadakori da jaki a zamaninku ya fi ni yin nisa."

Na ce, "Ina garinmu a cikin zanen?"

Ya ce, "Baba, ƙauye ba ya fitowa a nan."

Na sake shi. Me zan ce wa mutumin da ke da hoton duniya a aljihu, ni da ko sunana sai na yi gumi nake rubutawa?

Shekaru suka yi ta wucewa. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai manta da mu ba. Ya sa an kafa mana faranti mai shan rana a kan rufi, ga fitila, ga fanka, ga katifar da ni har yau nake sauka daga kanta in kwanta a tabarma don bayana bai saba da daɗi ba. Yana kira a salula kusan kullum. Amma zuwa, sai bana, sai baɗi, sai in kaya sun sauka, sai bayan Salla. Ai kusa ne. Abin da ke kusa ba a yi masa gaggawa. Da a ce tafiyar wata da watanni ce, da ya ɗaura niyya ya zo. Da yake yini guda ce, sai ya ajiye ta a aljihu tare da salula, yana taɓawa yana jin tana nan.

In ya kira, tsohuwata ba ta karɓa. Sai dai ta jawo ƙwaryar gyaɗa ta zauna kusa da ni tana ɓarewa, wai aiki take yi, alhali kunnenta duk yana kan muryar. In ya ce a ba Inna, sai ta girgiza kai ta ce hannunta da ƙura. Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Inna da kunya har yanzu!" Bayan an kashe sai ta ce, kamar da gyaɗar take magana, "Malam, can ƙasar ana samun gero kuwa?" Ko ta ce, "Na ji kamar mura a muryar mutanen can." Duk ɗan kasuwar da zai je, sai ta ƙulla kuka da daddawa da yaji ta ce a kai wa jikoki. Jikokin da aka haifa a can, waɗanda ko warin daddawa ba su iya tsayawa kusa da shi.

Bara bayan girbi ciwo ya kwantar da ita. Mun kai ta likita a Gidan Rumji a amalanke, aka ba da magani, muka dawo. Na gaya masa. Ya ce a kai ta Maradi, zai turo duk abin da ake bukata. Na ce ba abin da za a turo take bukata ba. Ya ce, "Baba, kaya na kan ruwa, mutane sun dogara da ni. In jikin ya tsananta ku kira ni kawai, yini guda ne." Na shiga ɗaki na ce mata, "Ke, in ce mishi ke kika ce ya zo?" Ta juya fuska bango ta ce, "Ni na aike shi da zan kira shi?" Na fito ina zagin su duka biyu a raina, da mai kunyar da mai salular.

Ranar da ta ƙi karɓar ko kunu, na kira shi na ce jikin ya tsananta, in yana da wata kalma da ta fi wannan ya gaya mini in faɗa. A nan ya firgita. Sai ga shi jirgin da ake cewa kullum yana nan kamar jakin gida, ranar babu wuri, washegari ma sai da ya yi ta roƙo. Zaren nan na salula bai nuna wannan ba.

Da hantsin ranar da ya samu ya hau, ta farka idonta garau. Ƙanwarta, wadda ta zo jinya daga Sae Sabuwa, ta fita ɗauko ruwa. Tsohuwata ta ce, "Malam, garin nan ta ina yake?" Na nuna mata gabas, na ce bayan Makka ne, haka na ji. Ta ce in juya ta. Na juya ta, ba ta fi nauyin damin kara ba. Ta kalli bangon gabas. Sannan ta ce, "Ka gaya wa Mamman." Sunan ɗan namu ke nan. Shekarun da muka yi tare, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta ce, "Ka gaya wa Mamman na yahe mishi duniya da lahira. Ka ce mishi ranar da zai tahi na yi wanka tun da sassahe, na sa zanena na Salla, na zauna bayan ƙofa ina jira ya durƙusa. Maganar da na tanada tun yana goye, a bakina ta kwana. Ka ce mishi duk cikin ɗiyana shi na fi so, kuma shi ne ban taɓa gaya ma ba." Ta huta, ta ƙara da cewa ya rage shan ruwan sanyi, tana jin shi a muryarsa.

Kafin azahar ta cika. Mamaci ba ya jiran jirgi. Aka yi mata wanka, aka sallace ta, muka kai ta. Muna cikin zuba ƙasa salula ta yi kuka a aljihuna. Shi ne. Ya ce, "Baba, na sauka Yamai." Na ɗaga kai na dubi rana, la'asar ta yi daidai. Wallahi yaron bai yi ƙarya ba. Yini guda ne.

Sauran hanyar, wadda ba ta cikin zane, ita ta ci shi. Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, shingen jandarma, tayar da ta fashe, sannan a sauka daga gudron, wato kwalta, a shiga rairayinmu. Ya iso washegari ana zaman makoki, idonsa jajir, da babbar riga mai ƙamshin turaren Larabawa. Ya je kabari ya dawo. Da mutane suka ragu ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Baba, ta bar wata magana?"

Na ce, "Ta bari."

"Mi ta ce?"

Na dube shi, na dubi aljihun da salular take ciki. Na ce, "In ka sake zuwa ka ji. Ai kusa ne."

Ya sake tambaya washegari, ya sake bayan nan. Ya turo liman, na ce wa liman tsakanina da ɗana ne. Ina so ya ɗanɗana jira. Ina so maganar ta kwana masa a ƙirji yadda ta kwana mata a baki. Bayan addu'ar bakwai ya ce dole ya koma, takardar jirginsa tana da rana. Wannan karon ba wanda ya ce masa, da kansa ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gabana ya nemi gafara. Na ce nawa na yafe. Ya jira. Na kama gyaran carbina. Ya tashi ya shiga motar da za ta kai shi Gidan Rumji, inda zai tari babbar motar Yamai.

Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba ƙanwar tsohuwata ta fito tana ɗaure ɗankwali. Tsohuwa ce ita ma, haƙoranta ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, amma bakin nan bai tsufa ba. Tun ranar da aka kawo yayarta gidana take kirana angonta, kuma ba ta taɓa raga mini ba.

Ta ce, "Angona, zo nan. Ina bakin ƙofa da tulu na ji yayata ta kira sunan yaron ga. Abin da ya biyo baya ban ji ba. Ka ba shi?"

Na ce, "Na ajiye mishi."

"Ina ka ajiye? Cikin wanga ƙirji naka mai kukan tsohuwar ƙofa? Jiya da ka yi tari awakin gidan ga sai da suka tsinke igiya."

"Sai ya dawo. Shi ya ce kusa ne."

Ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! To kai wa ya gaya maka kana nan har ya dawo? An ba ka takarda mai rana ne kai ma? Shi ya ce kusa ne ya bar uwarshi, kai ka ce kusa ne ka riƙe amanar mamaciya. Ashe gado ne! Maganar taka ce? Kai ka yi naƙudarta? Tsohon banza, da aka raba hankali da ƙwarya, kai ranar kana kan tsamiya."

Ban ce ta yi gaskiya ba, kuma har yau ban ce ba. Takalmina dai na nema.

Maƙwabcina yana kabu-kabu da babur, mutum mai iyali amma tuƙinsa na wanda ba shi da kowa. Na hau bayansa na ce Gidan Rumji, kuma kada ya ji tausayina. Bai ji ba. Hulata ta tafi tun a gonakin farko, rairayi ya watsar da mu sau ɗaya a gaban wasu Fulani masu kiwo, suka ce, "Sannu Baba, ina gobara?" Muka tashi muka ci gaba. Mun iso bakin gudron ranar kasuwa ce, buhunan hatsi da raguna sun cika hanya, ga babbar motar nan tsaye tana huci, ana rufe wurin kaya.

Irin motocin nan ne masu sanyi a ciki, waɗanda tagoginsu ba su buɗuwa. Wannan ma wani abin haushi ne, an yi mota an hana mutum miƙa hannu ya yi sallama. Na zagaya ina dukan gilashi, fuskoki suna kallona kamar kifi a ruwa, ban ga tasa ba. Sai na kama ƙarfen ƙofa na hau. Aparantin direba, yaron motar, ya tare ni ya ce, "Tsoho, ina takardarka?" Na ce, "Ba tahiya zan yi ba, saƙo na kawo, kauce." Ina kutsawa tsakanin kujeru na ji ƙasa ta motsa. Direba ya ja. Ko bai san da ni ba, ko ya sani bai damu ba.

Can baya na same shi, ya jingina kai da kujera. Ya zabura. "Baba! Lahiya?"

Na ce, "Ba a tsaye ake karɓarta ba. Durƙusa."

Ya dubi mutane. Na ce ya dube ni. Babban mutum, furfura a gemu, alhazai suna ba shi hanya a Maradi, ya sauko ya durƙusa a 'yar siririyar hanyar nan tsakanin jakunkuna da ledojin burodi. Na riƙe kan kujera da hannu biyu don kada in faɗi, na ba shi maganar uwarsa kamar yadda ta ba ni, ban rage ba, ban ƙara ba, har zancen ruwan sanyi. Ban iya yin ƙasa da murya ba saboda ƙugin inji, don haka duk motar ta ji. Wani ya ce wa direba ya kashe waƙa, aka kashe. Wata mata ta ja mayafi ta rufe fuska. Aparantin da ya biyo ni da masifa ya tsaya baki buɗe.

Ya daɗe kansa a ƙasa, kafaɗunsa suna rawa. Sannan ya ɗago ya ce, "Baba, yaron ga ta ce, ko kuwa..."

Na ce, "Sunanka ta kira."

"Da bakinta?"

"Da bakinta."

Ya riƙo gefen rigata kamar ƙaramin yaro. Ya ce, "Yaya ta kira shi? Don Allah Baba, kira shi yadda ta kira."

Na buɗe baki. Yana cikin kunnena sarai, yadda ta ɗan tsaya a tsakiyarsa kamar mai tsoron kada ya fashe, yadda ta sauke ƙarshensa a hankali. Na tattaro duk abin da nake da shi na kira. Muryar tsohon bunsuru ce ta fito. Na sake gwadawa, ta fi ta farko muni. Ya ci gaba da kallon bakina yana jira, ni kuwa ba ni da sauran abin ba shi.

A Madawa suka sauke ni, ba hula, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya so ya sauka tare da ni, na ce ya wuce, jirginsa ba ya jira, kuma abin da zai sauka dominsa yana ƙarƙashin ƙasa. Kalmomin na kai masa su duka. Muryar kuwa sau ɗaya aka tanadar masa ita a duniya, a bayan wata ƙofa, da zanen Salla, kuma ranar mota tana jiransa.